Tu Youyou da Ma'aunin Ambato: Nazarin Aikin da Ƙidaya Ta Kasa Gani

A daminar bara na kai wa wani abokina ziyara, malamin jami'a ne a fannin haɗa magunguna. Na tarar da shi zaune a ƙasa a falo, kwamfuta a cinya, takardu a baje, yana cike fom ɗin neman ƙarin girma. Tambayoyin fom ɗin layi-layi suke: maƙala nawa ka wallafa, a wace mujalla, mujallar tana cikin Scopus (kundin da ke tattara mujallun bincike na duniya) ko ba ta ciki, sunanka na nawa ne a jerin marubuta, sau nawa wasu masana suka ambaci aikinka a nasu rubutun. Yana cikin wannan lissafi uwargida ta leƙo ta ce lokacin maganin auta ya yi. Kwana biyu ke nan yarinyar tana fama da zazzaɓin cizon sauro. Ya ɓallo ƙwayoyin nan rawaya daga katinsu, aka murƙushe a cokali, aka ɗura mata, aka bi da madara. Ya goge hannu ya koma kan fom ɗinsa.

Tun daga ranar nake tunanin matar da ta buɗe hanyar wannan magani, wato Tu Youyou ta ƙasar Sin. Da za a miƙa mata irin wannan fom tana da shekara sittin a duniya, lokacin da maganinta ya riga ya warkar da ɗimbin mutane, a ganina ko tantancewar farko ba za ta tsallake ba.

Abin da ake ƙirgawa

Duk maƙalar kimiyya tana ƙarewa da jerin ayyukan da marubucin ya dogara da su. Idan sunan maƙalarka ya fito a irin wannan jeri, an ambace ka sau ɗaya ke nan. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar tattara waɗannan ambato wuri guda a 1955, kuma a 1964 kundinsa ya fara fitowa. Asalin manufarsa ita ce mai bincike ya iya bin sawun wani batu daga maƙala zuwa maƙala. Daga baya hukumomi suka ga ai ga ma'auni ya samu a sauƙaƙe. A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya, ya ƙara da ma'aunin h: idan h ɗinka 20 ne, kana da maƙala 20 da kowacce aka ambata aƙalla sau 20.

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Ta farko ita ce ta Oliver Lowry da abokansa ta 1951, kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, da ambato sama da 305,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana ginin ƙwayar gado, ba ta ma shiga ɗarin ba. Lowry da kansa ya taɓa cewa ya san tasa ba wata gagarumar maƙala ba ce. Dabara ce da kowane ɗakin gwaje-gwaje ke buƙata kullum, don haka kullum ake ambatarta. Wannan ya isa ya nuna cewa ambato yana auna yawan amfani da rubutu a wajen masu rubutu. Labarin Tu ya nuna abin da ya fi haka nauyi.

Yadda aikin ya gudana

An haifi Tu Youyou a Ningbo ranar 30 ga Disamba, 1930. Tarin fuka ya kwantar da ita tana da shekara 16, ya raba ta da makaranta shekara biyu. Ta karanta ilimin haɗa magunguna a Beijing, ta gama a 1955, aka tura ta cibiyar nazarin magungunan gargajiyar Sin, inda ta yi duk rayuwar aikinta. Tsakanin 1959 da 1962 ta yi kwas na musamman da aka shirya don koya wa masu ilimin likitancin zamani maganin gargajiya.

A shekarun 1960 yaƙin Biyetnam yana ci, zazzaɓin cizon sauro yana kayar da sojoji a dazuzzuka ta kowane ɓangare, kulorokwin kuma ya daina aiki a yankin. Amurka ta gwada sinadarai sama da 200,000 a cibiyar sojojinta ta Walter Reed. Biyetnam ta Arewa ta nemi taimakon Sin, aka kafa wani shirin sirri ranar 23 ga Mayu, 1967, aka sa masa suna 523, wato wata na 5, rana ta 23. Masana fiye da 500 daga cibiyoyi kusan 60 suka shiga. Lokacin Juyin Juya Halin Al'adu ne a Sin, zamanin da siyasa ta juya wa masu ilimi baya, an rufe yawancin mujallun kimiyya, an kora manyan masana ƙauye su yi noma. A Janairun 1969 aka ɗora wa Tu shugabancin tawagar cibiyarta tana da shekara 38. Mijinta ma an tura shi karkara. Ta kai babbar 'yarta gidan renon yara, ƙaramar kuma ta kai ta wajen iyayenta a Ningbo, ta tafi tsibirin Hainan inda cutar ta yi katutu. Da ta sake haɗuwa da yaran, ƙaramar ba ta gane ta ba.

Ta bi tsofaffin littattafan magani da masu maganin gargajiya, ta tattara haɗe-haɗe sama da 2,000, ta tace ta fitar da 640 a wani ɗan kundi. Tawagarta ta gwada tsimi 380 daga tsirrai kusan 200 a jikin ɓerayen da aka sa wa cutar. Cikin tsirran akwai wanda Sinawa ke kira cinghao, dangin tazargaden da muka sani. Sai dai sakamakonsa ba ya tsayawa: yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

A nan ne ta koma kan wani littafin agajin gaggawa da wani masanin Sin, Ge Hong, ya rubuta wajen shekara ta 340. Maganarsa a kan zazzaɓi gajeriya ce: a ɗebi damƙi ɗaya na cinghao, a jiƙa a awo biyu na ruwa, a matse, a shanye ruwan duka. Mutane da yawa sun karanta wannan layi kafin ita. Abin da ta lura da shi shi ne bai ce a dafa ba, alhali al'adar maganin Sinawa, kamar tamu, tafasa saiwa da ganye ce. Ta yi zargin zafi ne ke lalata sinadarin. Sai ta bar ruwan zafi ta koma tsamo shi da eta, sinadarin nan da a da ake sumar da mara lafiya da shi kafin tiyata, wanda ke tafasa a ma'aunin zafi 35 na Selsiyos kacal. Ta kuma ware ɓangaren tsimin mai tsami, wanda shi ke da guba ba ya kuma magani. Ranar 4 ga Oktoba, 1971, samfuri mai lamba 191 ya kashe ƙwayar cutar ɗari bisa ɗari a jikin ɓeraye, daga baya aka sami haka a jikin birai.

A Maris na 1972 ta gabatar da sakamakon a taron shirin 523 a Nanjing, taron da ba a buɗe wa kowa ba. Don a sami tsimi mai yawa na gwaji a kan mutane, ga shi masana'antu a tsaye, sai suka koma jiƙa ganyen a manyan randunan ruwa na gida, a ɗakin da iska ba ta ratsawa sosai, har tururin eta ya taɓa lafiyar wasunsu, ita ma a ciki. Da aka sami shakku kan ko tsimin yana da illa, kuma lokacin sauro na shirin wucewa a jira wata shekara, ita da abokan aikinta biyu suka kwanta a asibiti a Yulin 1972 suka sha da kansu. Daga Agusta zuwa Oktoba aka gwada a kan marasa lafiya 21 a Hainan, zazzaɓi ya sauka, ƙwayar cutar ta ɓace daga jini. A Nuwamba tawagarta ta fitar da sinadarin tsantsa, farin gari mai ƙyalli, wanda aka kira cinghaosu, duniya kuma ta san shi da atemisinin. A 1973 ta haɗa wani ɗansa, dihaidro-atemisinin, wanda ya fi shi ƙarfi.

Duk wannan ya faru ba tare da an wallafa layi ɗaya ba.

Inda ambaton ya tafi

Maƙalar farko ta fito a 1977, shekara shida bayan samfuri na 191, a mujallar Kexue Tongbao, da Sinanci. A gurbin sunan marubuci an rubuta sunan ƙungiyar haɗin gwiwar masu binciken cinghaosu. A 1979 wata ta fito da Turanci a Chinese Medical Journal, ita ma da sunan ƙungiya. Siyasar lokacin ba ta yarda mutum ɗaya ya ɗaga kai sama da jama'a ba. Babu kuma rajistar mallakar ƙirƙira, domin Sin ba ta yi dokar hakan ba sai 1984. A Oktoban 1981 Tu ta tsaya gaban masana na Hukumar Lafiya ta Duniya a Beijing ta yi bayanin sinadarin, a matsayin wakiliyar shirin.

To, masanin da ke Landan ko Bankok yana son rubutu a kan atemisinin, wa zai ambata? Zai ambaci abin da zai iya samu a laburarensa kuma ya iya karantawa. A 1982 mujallar likitanci ta Lancet ta buga gwajin da Li Guoqiao da Keith Arnold da abokansu suka yi. A 1985 Daniel Klayman na Walter Reed, wanda ya samo tsiron a gaɓar kogin Potomac ya tace sinadarin da kansa, ya rubuta sharhi a mujallar Science yana gabatar da maganin ga masu karanta Turanci. Wannan sharhi ya zama ƙofar da kowa ke shiga ta ita, an ambace shi sau dubbai. Ba zan ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba, domin Klayman bai ɓoye komai ba. A kan maƙalar tasa ma ya rubuta cewa magani ne daga Sin. Amma kwamfutar da ke ƙirga ambato suna take nema, kuma sunan da ta gani shi take ba maki.

Abubuwa uku ne suka haɗu a kan Tu: sirrin soja ya jinkirta wallafa, al'adar siyasa ta share suna, harshe kuma ya rufe ƙofa, domin kundin Garfield bai damu da yawancin mujallun Sinanci ba a wancan zamani. Akwai na huɗu da ya fi su daɗewa. Masanin zamantakewa Robert Merton ya lura cewa idan ilimi ya shiga jinin jama'a sai a daina ambaton mai shi. Likitan da ke rubuta wa yaro allurar atesunet, wani ɗan atemisinin, da tsakar dare ba ya ambaton kowa. Mai kemis ɗin unguwa ma haka.

A gida ma abin bai sauya zani ba. Sinawa suna kiran Tu masaniya mai "babu" uku: babu digirin digirgir, babu karatu ko bincike a ƙasar waje, babu kujera a manyan majalisun masana na ƙasar. Sai a 2001, tana da shekara 70, aka ba ta izinin duba ɗaliban digirin digirgir.

Yadda aka gano ta abin lura ne. Louis Miller, tsohon masanin zazzaɓin cizon sauro a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, ya tambayi mahalarta wani taro a Shanghai wa ya gano atemisinin, aka rasa mai amsa. Shi da abokin aikinsa Xinzhuan Su suka shiga bin tsofaffin takardu: wasiƙu, littattafan da ake rubuta sakamakon gwaji, bayanan tarurrukan sirri. Abin da suka samu suka wallafa a mujallar Cell a 2011. A shekarar aka ba Tu lambar yabo ta Lasker, babbar lambar binciken likitanci ta Amurka, a 2015 kuma ta Nobel, tana da shekara 84. Ta ɗauki rabi, William Campbell da Satoshi Omura suka raba ɗaya rabin saboda aikin da ya haifar da ibamektin, maganin makantar kogi. Mutum biyu ne suka zauna suka karanta takardu kafin gaskiya ta fito. Babu wani kundin ambato da zai iya kai su wurin.

Ƙorafin abokan aiki

Adalci ne a faɗi cewa lambar yabon ta bar baya da ƙura a Sin. Da yawa daga tsofaffin 'yan shirin 523 sun ga an ɗauki aikin ɗaruruwa an ba mutum ɗaya, kuma suna da hujja. Luo Zeyuan a Yunnan da Wei Zhenxing a Shandong sun fitar da sinadarin a nasu ɗakunan gwaji bayan jin rahoton Nanjing. Gwajin farko na ƙwayoyin tawagar Tu a 1973 bai yi armashi ba, saboda ƙwayoyin ba sa narkewa yadda ya kamata. Li Guoqiao na Guangzhou ne ya nuna a 1974, da sinadarin Yunnan, cewa maganin yana ceto har wanda zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa. Li Ying a Shanghai ta yi aikin atemita, shi ma ɗan atemisinin ne, Liu Xu a Guilin ya haɗa atesunet, tawagar Zhou Yiqing kuma ta gauraya atemita da lumefantirin, haɗin da kamfanin Novartis ya fitar da sunan Coartem. Ƙwayoyin da aka ba 'yar abokina daga wannan haɗin suka fito.

Waɗanda suka zaɓi Tu sun dogara da cewa ita ce ta fara samun tsimin da ya yi aiki ɗari bisa ɗari, ita ta fara kai shi jikin mutum, kuma daga rahotonta sauran suka ɗora. Na gamsu da wannan. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma abin da ya dame ni shi ne su ma waɗannan mutane, idan aka auna su da ma'aunin h, yawancinsu ba za a gan su ba. Ita dai an tono ta daga baya.

Ƙididdigar da ta fi dacewa da aikin

Duk wanda ya girma a zamanin kulorokwin ya san ɗacinsa da ƙaiƙayin da ke hana barci. Ya kuma san lokacin da aka fara sha ana gamawa zazzaɓi yana dawowa. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a koma haɗin magungunan da ke ɗauke da atemisinin a ƙasashen da tsofaffin magunguna suka gaza, Najeriya kuma ta sauya manufarta a 2005. Atemisinin yana rage ƙwayar cutar a jini da saurin da babu maganin da ya kai shi, amma ba ya daɗewa a jiki, shi ya sa ake haɗa shi da wani mai daɗewa ya share ragowar, shi ya sa kuma ake cewa a cika kwana ukun ko da jiki ya yi sanyi.

Ga zazzaɓi mai tsanani, irin mai sa yaro jijjiga da suma, an yi manyan gwaje-gwaje biyu. Na 2005 a ƙasashen Asiya huɗu ya nuna mace-mace kashi 15 cikin ɗari ga waɗanda aka yi wa allurar atesunet, kashi 22 ga waɗanda aka ba kwinin. Na 2010 ya ƙunshi yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilori a Najeriya da Kumasi a Gana: kashi 8.5 a ɓangaren atesunet, kashi 10.9 a ɓangaren kwinin. Bambancin yana kama da ƙanƙani a takarda, amma ma'anarsa ita ce cikin kowane yara 41 da aka yi wa atesunet, akwai ɗaya da ya koma gida wanda da kwinin aka ba shi da an yi jana'izarsa. A 2022 an ƙiyasta mutum miliyan 249 sun kamu da cutar a duniya, 608,000 suka rasu, kuma kusan kashi 31 cikin ɗari na waɗanda suka rasu a Najeriya suke. Babu ƙasar da ta fi mu cin moriyar samfuri na 191.

Abin da ya shafi fom ɗin abokina

Ban ce a jefar da ƙidayar ambato ba. A wurin da ƙarin girma kan iya komawa "wa ka sani", lambar da kowa zai iya dubawa a Google Scholar kariya ce ga malamin da ba shi da uban gida. Kuma sau da yawa aiki mai kyau yakan sami ambato mai yawa. Damuwata tana wurin da lambar ta zama ita ce abin nema. Daga nan ake samun bincike ɗaya an yanka shi gida huɗu, ana sa sunan aboki don shi ma ya sa naka, ana biyan mujallun da ke buga komai cikin mako guda. Wanda kuma ya zaɓi aikin da zai ci shekara shida kafin ya haifi maƙala, ko ya rubuta jagorar da ma'aikatan asibitin karkara za su yi aiki da ita, ko ya yi rubutu da Hausa don ungozomomi, a fom ɗin bai yi komai ba.

Masana da dama sun ga wannan. A Disambar 2012 aka tsara sanarwar San Francisco, wadda ta nemi a daina auna mutum da darajar mujallar da ya wallafa a ciki. Sin kanta, bayan shekaru tana ba masana kuɗi a kan kowace maƙala da ta shiga kundin ambato, ta fitar da umarni a Fabrairun 2020 cewa jami'o'i su daina mayar da wannan kundi alƙalin ɗaukar aiki da ƙarin girma. Abin da nake so kwamitocinmu su ƙara ba shi da tsada: a ce wa mai nema ya zaɓi ayyukansa uku ko biyar, ya bayyana abin da kowanne ya sauya, sannan a sami wanda zai karanta su da gaske, kamar yadda Miller da Su suka yi.

A laccarta ta Nobel a Stockholm, ranar 7 ga Disamba, 2015, Tu ta yi magana da Sinanci, ta ce yabon na dukan 'yan shirin 523 ne, sannan ta yi gargaɗi kan bijirewar ƙwayar cutar ga atemisinin. An tabbatar da alamun hakan a yammacin Kambodiya a 2009, aka gano sauyin da ke haddasa shi a ƙwayar gadon cutar a 2014, kuma tun daga 2020 an gan shi a Ruwanda, sai Uganda da Eritiriya. Hanyar sanin ko ya iso wani gari ita ce a ba yara magani, a riƙa ɗibar jininsu ana dubawa har kwana 28. Masu wannan aiki nas-nas ne, da masu duba jini a madubin gwaji, da mai babur da ke bin gida-gida idan uwa ba ta dawo da yaro ranar da aka ce ba. Idan maƙalar ta fito, yawancinsu a sakin layin godiya ake sa su, can ƙasa, wurin da kundin ambato ba ya ƙirgawa.